Jirgin lilo: Yadda fasaharsa ta faro, inda ta kai da inda ta dosa

Jirgin lilo, wanda Turawan Ingilishi ke kira roller coaster, jerin ƙananan taragu ne da ke gudu a kan dogo mai hawa da gangara da murɗewa, ana kafa shi a wuraren shaƙatawa domin mutane su ɗanɗani tsoro ba tare da sun shiga haɗari ba. A watan Fabrairun 2025 aka sa nakiya aka rushe Kingda Ka da ke jihar New Jersey ta Amurka, wanda ya shafe kusan shekara 20 yana riƙe da kambin tsawo a duniya. Kafin shekarar ta ƙare, Saudiyya ta buɗe Falcons Flight a Ƙiddiyya, kusa da Riyad, wanda ya zarce duk na gabansa a tsawo da gudu da nisan zango. Waɗannan abubuwa biyu sun nuna inda sana'ar ta dosa. A yau ƙarfe da inji ba su ne ke yi wa injiniyoyi iyaka ba. Abubuwa uku ne ke yanke hukunci: abin da jikin ɗan Adam zai iya jurewa, kuɗin da za a kashe wajen kula da na'urar, da kuma hukumar da ke da ikon cewa a tsaya.

Yadda yake aiki

Taragun jirgin lilo ba su da injin kansu. A tsarin da aka saba, sarƙa ce ke jan su a hankali zuwa ƙololuwar tudun farko, daga nan sai a sake su, nauyinsu ya ja su ƙasa. Gudun da suka samu a wannan gangara shi ne jarinsu na dukkan tafiyar. Iska da gogayyar taya na cin wannan jari kaɗan-kaɗan, shi ya sa a irin wannan tsari babu tudun da zai kai na farko tsawo.

Abin da ke hana taragun barin dogo shi ne tayoyi kashi uku: wasu a saman dogon, wasu a gefensa, wasu kuma a ƙarƙashinsa suna riƙe da shi. Wani injiniya Ba'amurke, John Miller, shi ya yi rajistar fasahar tayar ƙasa a 1919, kuma ita ce ta ba da damar yin gangara mai tsanani ba tare da tarago ya yi sama ba.

Taƙaitaccen tarihi

Asalin wasan yana komawa Rasha ta ƙarni na 17, inda ake gina tudun katako a lulluɓe shi da ƙanƙara, mutane su riƙa sulalowa. Har yau Faransawa na kiran wannan lilo da sunan “duwatsun Rasha”. A 1884 LaMarcus Thompson ya buɗe nasa a Coney Island da ke New York, yana tafiyar kusan kilomita 10 a sa'a guda, gudun da mai keke zai wuce shi.

Babban sauyi ya zo a 1959, lokacin da Disneyland ta buɗe Matterhorn Bobsleds mai dogon bututun ƙarfe. Bututu na lanƙwasuwa ta kowace fuska, abin da katako ba zai yi ba. Sai 1976, injiniyan Jamus Werner Stengel ya warware matsalar zoben da ke kifa mutane kai ƙasa. Zobban farko na ƙarshen ƙarni na 19 cikakkiyar da'ira ce, kuma sukan wahalar da wuyan mahaya ƙwarai. Stengel ya mayar da siffar ta koma kamar ɗigon hawaye a kife, mai faɗi a ƙasa da matsi a sama, ta yadda nauyi zai hau jiki a hankali. Kusan duk zoben da ake ƙerawa yau a kan wannan lissafi yake.

Gasar tsawo da yadda ta ƙare a Amurka

Daga 1989, lokacin da Magnum XL-200 na Cedar Point a jihar Ohio ya haura mita 60, wuraren shaƙatawa suka shiga rige-rigen tsawo. Millennium Force ya kai mita 94 a 2000, Top Thrill Dragster ya kai 128 a 2003, sannan Kingda Ka ya kai 139 a 2005, yana cilla mahaya zuwa gudun kilomita 206 a sa'a cikin daƙiƙa uku da rabi.

Na biyun ƙarshe sun dogara ne da inji mai aiki da matsin mai, wanda ke fizgar igiyar ƙarfe da ƙarfin gaske. Injin yana da sassa masu yawa da ke saurin lalacewa, ga tsadar gyara, ga yawan tsayawa, alhali duka tafiyar ba ta cika minti ɗaya ba. A watan Agustan 2021 wani ƙarfe ya ɓalle daga taragon Top Thrill Dragster ya ji wa wata mata da ke kan layi mummunan rauni, aka rufe shi. An sake buɗe shi a 2024 da sabon suna da sabuwar fasaha, amma bayan 'yan kwanaki aka sake dakatar da shi domin gyaran taragu, sai a 2025 ya dawo aiki. Kingda Ka kuwa an rufe shi a ƙarshen 2024, 'yan watanni bayan kamfanonin Six Flags da Cedar Fair sun haɗe. Darasin da masu zuba jari suka ɗauka shi ne, kambi ba ya biyan kuɗin kanikawa.

Zamanin maganaɗisu

Fasahar da ta gaji matsin mai ita ce ta maganaɗisu. Ana jera naɗaɗɗun wayoyin lantarki a kan dogo, a liƙa maganaɗisu a ƙarƙashin tarago, sai kwamfuta ta riƙa kunna wayoyin ɗaya bayan ɗaya suna jan taragon gaba ba tare da wani abu ya taɓa wani ba. Tun da babu gogayya, babu saurin cinyewa. Nau'in farko na wannan fasaha ya fara aiki a 1996 a kan Flight of Fear a Amurka.

Amfaninta ya wuce sauƙin gyara. Ana iya ƙara wa tarago gudu a tsakiyar hanya, a tsayar da shi, a mayar da shi baya, a sake cilla shi. Ke nan tsohuwar ƙa'idar cewa tudun farko ne mafi tsawo ta faɗi. Lilon babur na Hagrid da aka buɗe a Universal Orlando a 2019 yana da wuraren cillawa har bakwai. Matsalar ita ce wutar da ake buƙata a cikin daƙiƙu kaɗan tana da yawa, don haka wasu wuraren ke tara ta a cikin na'urorin ajiya tsakanin tashi da tashi, maimakon su zuƙe ta kai tsaye daga layin gari.

Birki ma ya koma na maganaɗisu. Idan falankin jan ƙarfe ko alminiyam ya ratsa tsakanin maganaɗisu, wani ƙarfi na tasowa da ke rage masa gudu. Wannan birki ba ya buƙatar wuta, saboda haka ko an ɗauke lantarki yana aikinsa.

Jikin ɗan Adam ne iyaka

Injiniyoyi na auna matsin da mahayi ke ji da ma'aunin da suke kira G. G ɗaya shi ne nauyin mutum na yau da kullum. A G huɗu, mai nauyin kilo 70 zai ji kamar ya kai 280, jini ya riƙa sauka daga kai zuwa ƙafafu. Lafiyayyen mutum na iya jure G huɗu zuwa biyar na 'yan daƙiƙu, amma idan abin ya daɗe sai gani ya dushe, daga nan sai suma. Matsin da ke ɗaga mutum daga kujera da wanda ke wurga shi gefe, jiki ya fi kasa jure su. Haka kuma saurin da matsin ke sauyawa yana da muhimmanci kamar girmansa.

Misalin da ya fi fito da wannan iyaka shi ne Do-Dodonpa na Fuji-Q Highland a Japan, wanda ke kai gudun kilomita 180 a sa'a cikin ƙasa da daƙiƙa biyu. An dakatar da shi a 2021 bayan rahotannin karayar ƙashi ga wasu mahaya, kuma a 2024 aka sanar da rufe shi baki ɗaya. A Formula Rossa na Abu Dhabi, mai gudun kilomita 240, sai an sa wa mahaya tabarau saboda a irin wannan gudu ƙwayar yashi ma makami ce. Taragun Falcons Flight kuwa gilashin tare iska aka yi musu a gaba.

Saboda haka masu zane suka karkata ga dabara maimakon ƙarfi. Kamfanin Rocky Mountain Construction ya shahara wajen ɗora dogon ƙarfe a kan tsofaffin ginshiƙan katako, tun daga New Texas Giant a 2011, sannan a 2018 ya fito da mai dogo ƙwaya ɗaya wanda ke murɗewa a ɗan ƙaramin fili. Disney ta buɗe Cosmic Rewind a 2022, inda kowane tarago ke juyawa da umarnin kwamfuta domin mahayi ya fuskanci abin da ake son ya kalla. Sai dai ba kowace sabuwar dabara ce ke ɗorewa ba. Tabarau mai nuna hotunan kwamfuta, wanda Europa-Park ta Jamus ta fara sa wa mahaya a 2015, wurare da dama sun gwada shi suka watsar, saboda yana jinkirta lodi, yana buƙatar gogewa bayan kowane mahayi, wasu kuma yana tayar musu da zuciya.

Wa ke biya, kuma don me?

Kamfanonin da ke ƙera manyan jiragen lilo ba su da yawa, kuma galibinsu na Turai ne: Intamin da Bolliger & Mabillard masu tushe a Suwizalan, Mack Rides a Jamus, Vekoma a Holan, Zamperla a Italiya. Abin da ya sauya shi ne masu saye. Chaina ta gina wuraren shaƙatawa masu yawa a shekarun baya-bayan nan, har ta samar da masu ƙera nata, sannan ƙasashen Larabawa na yankin Gulf suka shigo da kuɗin gwamnati.

Falcons Flight, wanda Intamin ta ƙera, yana gudun kilomita 250 a sa'a a kan dogon da ya haura kilomita huɗu. An yi amfani da gaɓar tsaunin Tuwaiƙ, taragun su hau kansa su gangaro. Ƙiddiyya mallakar asusun zuba jari na gwamnatin Saudiyya ce, kuma ɓangare ce ta shirin 2030 da aka ƙaddamar a 2016 domin rage dogaro da man fetur. Ƙasar da sai a 2018 ta sake buɗe gidajen sinima bayan fiye da shekara 30, yanzu tana son matasanta su kashe kuɗin nishaɗinsu a gida maimakon Dubai ko Turai. Kamfani mai neman riba zai tambaya ko tikiti zai mayar da kuɗin. Gwamnati mai neman suna a duniya tana da wani lissafin daban. Ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam kuwa sun sha sukar manyan ayyukan Saudiyya kan halin da leburori baƙi ke ciki, da zargin cewa ana amfani da nishaɗi wajen gyara sunan ƙasar.

Wa ke sa ido?

Tsaron jirgin lilo ya dogara da raba dogo zuwa sassa, kwamfuta ta hana taragu biyu shiga sashe ɗaya. A watan Yunin 2015, a Alton Towers ta Ingila, wani tarago marar kowa ya maƙale a kan hanyar The Smiler. Kwamfuta ta tsayar da na bayansa kamar yadda aka tsara, amma ma'aikata suka ɗauka kuskure ne suka soke umarninta. Tarago mai ɗauke da mutum 16 ya afka wa na gaba, 'yan mata biyu suka rasa ƙafa ɗaya-ɗaya, kotu ta ci kamfanin tarar fam miliyan biyar a 2016. A 2023 kuma, a Carowinds ta Amurka, wani mai ziyara ne ya hango tsagewa a ginshiƙin Fury 325 yayin da ake ci gaba da ɗaukar mutane.

Wannan ne ya sa ake ƙara dasa na'urorin da ke auna girgiza da zafin tayoyi, da amfani da jirage marasa matuƙa wajen duba wuraren da ke da wuyar hawa. Amma na'ura ba ta maye gurbin doka. A Amurka, tun 1981 majalisa ta cire wuraren shaƙatawa na dindindin daga ikon hukumar tarayya mai kula da ingancin kayayyaki, aka bar wa jihohi, kowace da tsarinta. A Florida, manyan wurare masu ma'aikata fiye da 1,000 su ke duba kansu. A Jamus kuwa masu bincike masu zaman kansu ne ke tantance na'ura kafin a ba ta izini.

Akwai kuma kasuwar gwanjo. Tsohon jirgin lilo ba kullum ake narkar da shi ba, akan kwance shi a sayar wa wata ƙasa. Wanda ya kashe mutum biyu a birnin Mexico a 2019 an ƙera shi ne a Jamus a 1984, ya yi aiki a Malesiya da Ingila kafin ya isa can, kuma masu bincike sun ɗora laifin a kan rashin kulawa. A nan ne batun ya shafi ƙasashe masu tasowa, har da namu, inda wuraren wasa ke cika maƙil a ranakun Sallah. Ƙasashe masu arziki za su ci gaba da sayen sabon yayi, tsofaffin kuma su gangaro inda suka fi araha. Ga iyayen da ke tsaye a layi da 'ya'yansu, tambayar da ta fi ta tsawo da gudu muhimmanci ita ce: yaushe aka duba wannan na'ura, wa ya duba ta, kuma ko yana da ikon rufe ta idan ya ga matsala?