Nauyin Ƙuri'a a Yammacin Katsina: Nazarin Iyakokin Mazaɓar Batsari/Safana/Ɗanmusa a Majalisar Wakilai

Tsakure

Wannan maƙala ta auna mazaɓar Batsari/Safana/Ɗanmusa da ta birnin Katsina bisa ƙidayar 2006 da tanade-tanaden Kundin Tsarin Mulki na 1999. Ta gano cewa ƙuri'ar mutumin Batsari ba ta kai kashi biyu cikin uku na nauyin ta mutumin birni ba, kuma ana iya gyara wannan giɓi ba tare da an ƙara wa jihar kujera ko ɗaya ba.

Gabatarwa

Lokacin da aka cire Jihar Katsina daga Jihar Kaduna ranar 23 ga Satumba 1987, ƙananan hukumomi bakwai gare ta, kuma babu Batsari ko Safana ko Ɗanmusa a cikinsu. Zuwa 1996 sun zama 34. A wannan shekarar ce hukumar zaɓe ta mulkin Janar Sani Abacha ta shata mazaɓun da ake amfani da su har yau, inda Katsina ta sami kujeru 15 cikin 360 na Majalisar Wakilai. Aka haɗa Batsari, ƙasar Sarkin Ruma, da Safana, ƙasar Yariman Katsina, da Ɗanmusa a kujera ɗaya, aka bar ƙaramar hukumar Katsina ita kaɗai da tata.

Kujerar ta ga sauye-sauye. A kanta Dakta Aminu Safana na PDP yake lokacin da ya yanke jiki ya faɗi a zauren majalisa ranar 17 ga Oktoba 2007, ana tsakiyar rikicin shugabancin Patricia Etteh, Allah ya yi masa rasuwa. Daga baya guguwar Buhari ta kai jihar ga APC a 2015, sannan a 2023 Atiku Abubakar ya ci jihar da ƙaramin rinjaye a zaɓen shugaban ƙasa. Jam'iyyu sun zo sun wuce, amma iyakar mazaɓar ba ta motsa ba.

Waiwaye

Mafi yawan abin da ake faɗa game da siyasar wannan yanki bai wuce batun tsaro da na karɓa-karɓa tsakanin ƙananan hukumomin uku ba. Ba mu da ja da muhimmancinsu, sai dai dukansu sun ɗauki iyakar a matsayin abin da aka gama magana a kansa.

Wanda ya fi cancantar a tsaya a kansa shi ne rahoton kwamitin Mai Shari'a Muhammadu Lawal Uwais, wanda Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya kafa a 2007, ya miƙa aikinsa a Disamba 2008. Kwamitin ya ba da shawarar a cire aikin shata mazaɓu daga hannun INEC a ba wata hukuma ta daban. Masu goyon bayan wannan shawara suna ganin aiki ne ya yi wa INEC yawa. A ganinmu an yi kuskuren gane ciwon. Sashe na 73 na Kundin Tsarin Mulki ya ce a riƙa sake duba mazaɓu a tazarar da ba ta gaza shekara goma ba, wato ya hana gaggawa amma bai hana jinkiri ba. Sashe na 74 kuma ya ce duk sauyin da aka yi ba zai fara aiki ba sai majalisun tarayya biyu sun amince. Ke nan ko wace hukuma aka kafa, taswirarta gaban waɗanda suka ci zaɓe da tsohuwar taswira za ta je. Yunƙurin da INEC ta yi zamanin Farfesa Attahiru Jega gabanin zaɓen 2015 bai kai ko'ina ba, har ma ƙarin rumfunan zaɓe da ta so yi a 2014 sai da aka dakatar saboda zargin fifita wani ɓangare. Ba rashin hukuma ne ya tsayar da su ba.

Hanyar Bincike

An tattara adadin mutanen kowace ƙaramar hukuma daga ƙidayar 2006, aka haɗa su mazaɓa-mazaɓa, aka gwada da matsakaicin jiha. An zagaye alƙaluman zuwa dubu mafi kusa.

Sakamako

Ƙidayar 2006 ta ba Jihar Katsina mutum kimanin miliyan 5.8. Idan aka raba wa kujeru 15, kowace ta tashi da kusan 387,000, wanda bai yi nisa da matsakaicin ƙasa ba, wato kimanin 390,000. Matsakaicin ƙasar shi ne ma'aunin da Sashe na 72 ya ce kowace mazaɓa ta kusance shi gwargwadon hali.

Batsari tana da mutum kimanin 208,000, Safana kusan 185,000, Ɗanmusa kuwa 113,000. Jimilla ta ɗan haura 500,000, wato ta zarce ma'auni da kusan kashi 30 cikin 100. Mazaɓar birnin Katsina tana da kimanin 318,000, ƙasa da ma'auni da kashi 18. Wakili ɗaya ne a nan, ɗaya a can. A lissafi, ƙuri'ar manomin Wagini a Batsari ko ɗan kasuwar Runka a Safana tana da nauyin kusan kashi 63 cikin 100 na ƙuri'ar mazaunin Ƙofar Sauri a birnin Katsina.

Dalilin bai ɓoyu ba. Waɗanda suka shata mazaɓun ba kawunan mutane suka ƙirga ba, ƙananan hukumomi suka jera: mazaɓu biyar masu uku-uku, tara masu biyu-biyu, ɗaya mai guda. Shi ya sa manyan mazaɓun jihar duka masu uku ne. Ƙanƙara/Faskari/Sabuwa ce kan gaba da kusan 578,000, sai Daura/Sandamu/Mai'aduwa, sannan wadda muke nazari. Biyu daga cikin ukun nan suna kan iyakar Zamfara, a bakin dazukan da suka zama maɓoyar 'yan bindiga.

A wasu ƙasashe akasin haka ake yi da gangan. Kundin Kenya na 2010 ya yarda mazaɓa ta kauce wa ma'auni da kashi 40 a birane da yankunan da mutane suke a warwatse, don a sassauta wa wakilin da zai ratsa ƙasa mai faɗi. Birtaniya kuma ta taƙaita giɓin a kashi 5, in ban da wasu tsibirai. A yammacin Katsina wakili ɗaya aka ɗora wa yawan jama'a da faɗin ƙasa a lokaci guda. Batsari kaɗai ta haura murabba'in kilomita 1,000, alhali ƙaramar hukumar Katsina ba ta kai 150 ba. Wakilin birni zai iya zaga mazaɓarsa tsakanin hantsi da la'asar. Na Batsari kuwa, daga Ruma zuwa 'Yantumaki sai ya yi shiri, kuma akwai hanyoyin da ba a bi sai da rakiya.

Abin da ya fi jan hankalinmu shi ne sauƙin gyaran. Maƙwabciyar wannan mazaɓa ta gabas, Dutsin-Ma/Kurfi, mutum kimanin 287,000 gare ta, ƙasa da ma'auni da kashi ɗaya cikin huɗu. Ɗanmusa ta yi iyaka da Dutsin-Ma, kuma titin da ya tashi daga Dutsin-Ma zuwa Ƙanƙara ta cikin ƙasarta ya bi. Da za a mayar da ita can, Batsari/Safana za ta tsaya a kusan 393,000, Dutsin-Ma/Kurfi/Ɗanmusa kuma a kusan 400,000. Dukansu biyu ba za su kauce wa ma'aunin jiha da fiye da kashi 4 ba. Ba a raba ƙaramar hukuma ba, ba a taɓa ƙasar wani hakimi ba, ba a fita daga mazaɓar sanatan Katsina ta Tsakiya ba, tunda duka biyar ɗin a cikinta suke, kuma ba a nemi kujera daga wata jiha ba. Wannan na ƙarshe yana da muhimmanci, domin a kan rabon kujeru tsakanin jihohi ne muhawarar shata mazaɓu takan maƙale a Abuja. A nan babu abin da ya shafi Kudu ko Arewa.

Za a iya cewa mutanen Dutsin-Ma da Kurfi ba za su so ɗan uku a rabonsu ba. Gaskiya ne, kuma wannan ne Sashe na 74 ke karewa. Amma ɗan ukun da ake gudu a can, shi ake ɗauke da shi a nan tun 1999. In ana karɓa-karɓa wa'adi ɗaya-ɗaya, ƙaramar hukuma a mazaɓa mai uku sai ta jira shekara takwas kafin kujera ta dawo mata, a mai biyu huɗu, birni kuwa ba ya jiran kowa.

Rashin tsaro ya ƙara tsananta lamarin. A Fabrairu 2020 aka kashe mutum kusan 30 a Tsauwa da Dankar cikin Batsari, a Afrilu kuma 47 a ƙauyukan Safana da Ɗanmusa da Dutsin-Ma. A Satumba 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar, har da waɗannan uku. Sashe na 24 na Dokar Zaɓe ta 2022 ya umarci INEC da ta yi iya ƙoƙarinta kada a hana waɗanda suka rasa matsuguni jefa ƙuri'a. Sai dai katin zaɓe da rumfa yake ɗaure. Matar da ta yi gudun hijira zuwa Katsina da katinta ƙulle a bakin zani, ko dai ta biya kuɗin mota da na babur ta koma ƙauyen da ta gudu daga cikinsa, ko ta sauya rajista ta zama 'yar mazaɓar birni, ko ta haƙura. Biyu daga cikin ukun nan suna rage muryar yankin da ta baro.

Iyakokin Bincike

Alƙaluman 2006 sun tsufa, kuma tun fitowarsu ake jayayya a kansu. An ɗage ƙidayar da aka shirya yi a 2023. Babu shakka birnin Katsina ya bunƙasa, ya malala cikin Batagarawa, ya kuma karɓi 'yan gudun hijira, don haka tazararsa da Batsari za ta iya raguwa a sabuwar ƙidaya. Wannan ya shafi kwatancenmu da birni, bai shafi na Dutsin-Ma/Kurfi da irin wannan ƙarfi ba. Kuma Sashe na 75 na Kundin Tsarin Mulki ƙidaya ta baya-bayan nan ya ce a yi aiki da ita, wadda har yanzu ita ce ta 2006.