Giya, Goro da Gahawa: Abin da Ganuwar Kano ta Raba

Duk wanda ya bibiyi abin da aka rubuta game da tarihin birnin Kano zai tarar an yi wa sarauta da yaƙi da fatauci hidima ƙwarai, haka kuma saƙa da rini da jima. Abin da mutanen birnin ke sha kuwa, da wanda suka daina sha, bai sami irin wannan kulawa ba. A wannan maƙala muna so mu ɗan taɓa wannan fage, kuma za mu shigo masa ta wata ƙofa da za ta iya ba wasu daga cikin mahalarta mamaki, wato ta kan wata baƙar giya da ake yi a Amurka.

Masu yinta suna kiranta imperial stout. Asalinta daga Landan ne, a ƙarni na 18, inda ake dafa ta da ƙarfi ana kai wa fadar sarakunan Rasha. Da tsiron sha'ir ake yinta, wanda aka gasa wani ɓangarensa har ya yi baƙi. A shekarun 1990 wani kamfani na birnin Shikago mai suna Goose Island ya fara zuba irin wannan giya cikin gangunan da aka juye barasar bourbon daga cikinsu, a bar ta ta yi watanni. Dalilin samun gangunan da araha shi ne dokar Amurka ta ce dole a tsuma bourbon cikin sabuwar gangar katako da aka babbaka cikinta, don haka kowace ganga sau ɗaya take aiki, sai a sayar. Daga baya wasu suka ƙara mata gahawa, kamar kamfanin Founders na jihar Mishigan. Ƙarfin mayenta yakan kai kashi 12 cikin 100, wani lokaci ya wuce. Masu ɗanɗana ta sukan ce tana da kauri kamar maɗi, da farko a ji ɗacin gahawa da ƙaurin gasasshen hatsi, sannan zaƙi ya biyo baya tare da ƙanshin katakon gangar. Kaɗan-kaɗan ake kurɓarta, kuma abin da ake biya wa kuɗi a cikinta shi ne daɗewar da ta yi a ajiye.

Abubuwa uku ke nan aka haɗa a kwalba guda: hatsin da aka tsima ya zama abin maye, da ɗacin da ke wartsakar da mutum, da kuma ajiya mai tsawo. Birnin Kano ya san dukkan ukun, sai dai tarihinsa raba su ya yi. Abin maye ya fita bayan ganuwa, ɗaci da ajiya suka zauna a ciki, a jikin goro.

Bari mu fara da giyar. Littafin Tarihin Kano, wanda H. R. Palmer ya fassara zuwa Ingilishi a 1908, kuma aka buga shi da Hausa cikin Labarun Hausawa da Maƙwabtansu, ya lissafa manyan mutanen da ke kewaye da Barbushe a gindin Dala kafin zuwan Bagauda. Cikinsu akwai Gijigiji maƙeri, da Hamburki mai magani, da Maguji mai haƙar tama da narka ta, sannan akwai Bugazau, wanda sana'arsa dafa giya ce. Abin lura shi ne malamin da ya rubuta wannan littafi Musulmi ne, amma bai ga dalilin tsallake sunan Bugazau ba, ya jera shi kafaɗa da kafaɗa da maƙeri. Wannan ya nuna mana cewa a tunanin mutanen da suka riƙe labarin, dafa giya na cikin sana'o'in da gari ya kafu a kansu.

Yadda ake dafa ta bai ɓace ba, domin Maguzawan karkarar Kano sun riƙe shi, kuma Joseph Greenberg, wanda ya zauna cikinsu a ƙarshen shekarun 1930, ya bayyana matsayin giya a bukukuwansu da tsafinsu. Dawa ake jiƙawa, a baza ta a lulluɓe har ta yi tsiro, a shanya, a niƙa, a dama da ruwa a dafa, a bar ruwan ya yi tsami, a sake dafawa, a tace, sannan a bar shi cikin randa ya tashi. Aikin yakan ci kusan mako guda, kuma mata ne ke yinsa. Ita ce ladan 'yan gayya a gona, ita ce ta biki da ta mutuwa. To amma ga inda take da rauni: burukutu ba ta ajiyuwa. Tana cikin tashi ake shanta, in ta kwana biyu ko uku ta zama ruwan tsami. Ba a ɗora ta a jaki a kai wani gari, ba ta da madugu, ba ta da fatoma. Inda aka dafa ta nan ake shanye ta.

Musulunci ne ya fitar da ita daga birni, wannan ba abin musu ba ne, ko da yake ba a rana ɗaya aka yi ba. Daga zuwan Wangarawa a zamanin Sarki Yaji (1349-1385), zuwa zamanin Muhammadu Rumfa (1463-1499) da Shaihu Magili, zuwa jihadin da ya kawar da Sarki Alwali a wajejen 1807, akwai shekaru fiye da 400. Kuma da yake Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, a cikin Kitabul Farƙi, ya sa ci da shan abin da aka ga dama, ko halal ko haram, cikin laifuffukan sarakunan Hausa, muna iya fahimtar cewa har ƙarshen ƙarni na 18 maganar ba ta mutu ba. Amma muna ganin addini kaɗai bai isa ya bayyana shirun da littattafanmu suka yi ba. Akwai abubuwan da malamai suka ƙi, amma duk da haka suka cika takardu, saboda an yi cinikinsu an tara dukiya da su. Giyar dawa ba ta bar attajiri ko ɗaya da za a tuna ba, kuma masu yinta mata ne na ƙauye da ba su rubutu. Abin da ba ya ajiyuwa a randa da wuya ya ajiyu a tarihi.

Goro kuwa akasin haka ne ta kowace fuska, shi ya sa za mu ɗan daɗe a kansa. Ba ya fitowa a ƙasar Hausa, daga kurmin Asante ake kawo shi ta kasuwannin Gwanja, musamman Salaga. Tarihin Kano ya danganta farkon shigowarsa da zamanin Sarauniya Amina, ya kuma ce a zamanin Abdullahi Burja (1438-1452) aka buɗe hanya daga Barno zuwa Gwanja. A ƙarni na 19 Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari suka riƙe wannan fatauci, kamar yadda Paul Lovejoy ya nuna a bincikensa na 1980. Tafiyar takan ci watanni, kuma goro abu ne mai rai, ba ya son zafi, ba ya son iska. Ana jera shi cikin ganyen fita a ɗaure huhu, a kan hanya a riƙa kwancewa ana yayyafa ruwa, ana sauya ganye, ana tsince wanda sankara ta kama don kada ya ɓata sauran. Wannan ilimi ne sosai, kuma da shi ake gane gwanin falke. Heinrich Barth, da ya zo Kano a 1851, ya ƙiyasta cewa goron da ke shigowa birnin ya wuce kayan jaki 500 a shekara, ya kuma lura cewa mutane sun ɗauke shi abin larura kamar yadda Turawa suka ɗauki gahawa da shayi.

Harshen Hausa kansa shaida ne. Akwai goriya, akwai marsa, akwai minu, gwargwadon girma. Akwai fari da ja. Akwai ɗan Labuje na ƙasar Nufe, wanda ake kai wa sarakuna. Ƙwarya ta zama ma'aunin goro 100. Sannan akwai daushe, wato goron bara da aka adana har ruwansa ya ragu, kaifin ɗacinsa ya kwanta, wanda masana goro ke fifitawa a kan sabo, suna biyan kuɗi fiye a kansa. Idan mai sauraro ya tuna da bayanin da muka yi na giyar Amurka, zai ga kamar da muke nufi: ɗaci ne da farko, in an kurɓi ruwa a kai sai a ji zaƙi, kuma daɗewa a ajiye ita ke ƙara masa daraja. Dattijon da ke zaune a zaure a Koki ko Madabo, ya fasa daushe ya duba cikinsa kafin ya kai baki, mai ɗanɗano ne na gaske, ko da yake ba wanda ya rubuta ƙa'idojinsa.

Gahawa ba ta sami irin wannan gindin zama ba. Kalmar daga Larabci take, kuma a tsohon Larabci ɗaya ce daga sunayen giya, kafin sufayen Yaman su ɗora ta a kan abin da suke sha don raya dare a ƙarni na 15. Har an taɓa hana ta a Makka a 1511, bisa zargin tana sa maye, kafin malamai su daidaita a kan halaccinta. A Kano an san ta ta hannun Larabawan Gadamus da Tarabulus da ke zaune wajen Dandalin Turawa, da kuma alhazai. Sai dai ta tarar goro ya riga ya tare wurin, domin sinadarin da ke hana barci a cikinsu iri ɗaya ne, su Larabawan ma gahawar Sudan suke ce wa goro. Ba a kai gahawa neman aure, ba a raba ta ranar suna.

Abin da ya sauya lissafi shi ne kwalba. Turawa sun ci Kano a watan Fabrairu na 1903, jirgin ƙasa ya iso a 1911, aka yanka Sabon Gari a wajejen 1913. Jirgin da ya sauƙaƙa wa su Alhassan Ɗantata kawo goro ta Legas shi ne kuma zai iya kawo barasar da ba ta lalacewa. A nan ne aka fara bukatar doka, domin nisa da saurin lalacewa sun daina tsare birnin. Mukan ji ana cewa Turawa sun hana barasa a Arewa don girmama sarakunan Musulunci. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, amma tushen hanin yarjejeniyar Burasel ce ta 1890, wadda ƙasashen Turai suka amince a hana shigar da barasa yankunan Afirka da ba su saba da ita ba. Dokar barasa ta 1917 ta kasa Nijeriya zuwa yankunan hani da na lasisi, kuma Bature bai taɓa hana kansa ba. Haka aka wayi gari akwai kulob a Nasarawa, akwai mashaya a Sabon Gari, cikin birni kuwa babu. Ganuwar da Gijimasu ya fara ginawa a ƙarni na 12 don tare mahara sai ta koma iyaka tsakanin halal da haram, aƙalla a ido, domin ba wanda ke tsare ƙofa ya tambayi mai fita ina za shi da magariba.

Bayan mulkin kai, dokar laifuffuka ta Arewa da ta fara aiki a 1960 ta tanadi hukunci ga Musulmin da ya sha giya. Amma a wannan zamanin ne kuma masana'antar ta bunƙasa. Kamfanin Guinness ya buɗe masana'antarsa a Ikeja a farkon shekarun 1960, ita ce ta farko da ya gina a wajen Ayalan da Birtaniya, kuma baƙar giyar da yake yi a nan ta kai kashi 7.5 cikin 100, wato 'yar uwa ce ta kusa ga wadda muka fara da ita. A Kano ma an yi kamfanin North Brewery mai yin Double Crown. Jihar ta ƙaddamar da shari'a a shekarar 2000, aka kafa Hukumar Hisba da doka a 2003, kuma a watan Nuwamba na 2013 hukumar ta farfasa kwalaben giya kimanin 240,000 a bainar jama'a. A 2021 kuma gwamnatin jihar Ribas ta tayar da muhawara kan harajin kayan masarufi, inda wasu suka yi ta ƙorafin cewa jihohin da ke fasa kwalabe suna karɓar kaso daga harajin da aka tara a kansu.

Akwai wani ɓangare na labarin da ba a cika kawowa cikin wannan muhawara ba, alhali ya fi shafar manomi. A 1988 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta hana shigo da tsiron sha'ir daga waje, sai kamfanonin giya suka koma ga dawa da masara. Irin gajeriyar kaura da Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru ta fitar, mai lamba SK5912, na cikin waɗanda aka samu sun dace da yin tsiro. Tun daga lokacin dawar Arewa ke tafiya kudu a manyan motoci, a jiƙa ta ta yi tsiro a busar, kamar dai yadda matan Maguzawa ke yi a tsakar gida, wani kaso ya zama lemon malt da ake sha har cikin birni, wani kuma ya zama baƙar giya a kwalba. Manomin da ya kai buhunsa kasuwar Dawanau, da dillalin da ya auna, ba lallai ne su san cikin biyun wanne dawar za ta zama ba.