Tarihin Kilogiram

Duk ɗalibin da ya taɓa auna sinadari a ɗakin gwaje-gwaje, da kilogiram ya dogara. To, ina asalinsa?

A da, kowane gari a Faransa da nasa ma'auni, kamar yadda mudun wata kasuwa kan fi na wata. A 1795 suka tsayar da giram bisa nauyin ruwa. A 1889 kuma ƙasashe suka amince da wani dunƙulen ƙarfe da aka adana kusa da Faris ya zama alƙalin awo. Daga baya aka lura nauyinsa ya saɓa da na kwafinsa. Alƙali kuwa in ya karkace, shari'a ta lalace. Saboda haka a 2019 aka sauke shi, aka ɗora kilogiram bisa lambar Planck, wadda ba ta canzawa.