Tarihin Uwar Allo da Hukuncinta ga Mai Ƙaramin Ƙarfi

Duk wanda ya taɓa zama a rumfar masu haɗa kwamfuta, ya ga yadda ɗalibi ko ƙaramin ma'aikaci yake zuwa da ɗan abin da ya tara, yana tambaya a kan wane kaya ya kamata ya fi kashe kuɗinsa, to lalle ya ji saɓanin da ke tsakanin ma'abota sana'ar game da babban allon nan da ake dasa sauran kayan a kansa, wanda suke kira madabod, wato uwar allo. Dattawa suna cewa saurin na'ura daga gare shi yake, matasa kuwa suna cewa ba ruwansa da sauri. Kowane ɓangare yana da hujja, sai dai zamaninsu ne ya bambanta, kuma ba a gane haka sai an koma ga asalin al'amarin.

A ranar 12 ga Agusta 1981 kamfanin IBM na Amurka ya fito da kwamfutarsa ta tebur, mai furosesa, wato ƙwaƙwalwar na'ura, samfurin 8088 na Intel da ramuka biyar na ƙarin kati, kana ya buga littafi mai bayyana zanen allon dalla-dalla, domin a sami masu ƙera masa ƙarin kaya. Ba a daɗe ba wasu suka kwaikwayi na'urar ɗungurungum, har Compaq ya fito da tasa a 1983. Tun daga nan ƙofa ta buɗe ga kowane mai basira ya sayi allo nan, furosesa can, ya haɗa abinsa. Girman allon IBM na 1984, mai suna AT, shi ya zama mizani, har Intel ya kawo tsarin ATX a 1995, wanda ake bi har yau. Ƙirar allunan kuwa Taiwan ta koma, inda aka kafa Gigabyte da MSI a 1986, da Asus a 1989.

A wancan zamani maganar dattawa gaskiya ce tsantsa, domin furosesa ba ta isa ga ma'ajiyar aiki, wadda ake kira ram, sai ta bi ta wani ɗan guntu da ke kan allo, wanda masu fasaha suka yi wa laƙabi da gadar arewa. In gadar tana da ƙunci, to komai ƙarfin furosesa sai ta tsaya tana jira, kamar ayarin fatake da ya iso bakin kogi ya tarar da kwalekwale ɗaya tak. A 1998 masu ƙaramin ƙarfi sun sha mamaki da furosesa mai araha, Celeron 300A, wadda in aka ɗora ta a kan nagartaccen allo mai guntun 440BX, aka daidaita shi, sai ta tashi daga megahaz 300 zuwa 450, ta yi kafaɗa da masu tsada. Wanda ya ga wannan da idonsa, yaya za a raba shi da girmama allo?

Amma malaman usulu sun karantar da mu cewa hukunci yana tafiya tare da illarsa, wato dalilinsa, in illa ta gushe hukunci ya gushe. A 2003 kamfanin AMD ya ɗauke aikin kula da ram daga allo ya shigar da shi cikin furosesa Athlon 64, Intel ma ya bi sahu a 2008, sannu a hankali gadar arewa ta ɓace. Saboda haka a yau, in an ɗora furosesa ɗaya da ram ɗaya a kan allo mai araha da allo mai tsada, galibi bambancin saurinsu bai kai yadda mai aiki zai lura ba.

Duk da haka kada a yi gaggawar wulaƙanta allo, domin amanar da ta rage a hannunsa ba ƙarama ba ce. Shi ne yake tace wuta ya shayar da furosesa gwargwadon buƙatarta, in kuwa kayan tacewar raunana ne, sai su yi zafi, furosesa ta rage gudu don tsira. Shi ne kuma yake ƙayyade yawan ram da za a iya ƙarawa, da irin furosesar da za ta shiga gobe. Masu gyara ba su manta da farkon shekarun 2000 ba, lokacin da kafasito, wato ƙananan kayan adana wuta da ke kan allo, marasa inganci suka riƙa kumbura suna zubar da ruwa, alluna masu yawa suka mutu tun ba su tsufa ba. A ƙasashenmu kuwa, inda zafin bazara da ƙurar hunturu da rashin tsayuwar lantarki suke jarraba kowace na'ura, wannan amana ta fi nauyi.

Nasihata ga mai ɗan jari ita ce ya ba furosesa da ram kaso mafi tsoka, ya nemi allo matsakaici daga maƙera sanannu, mai ingancin wuta da ramukan da za su ishe shi, kada fitilu masu launi da ado su ruɗe shi, kada kuma araha ta ja shi ga abin da ba zai shekara ba. Ya nemi sauri a wurin furosesa, ya nemi ƙarko a wurin allo, domin kuɗin da aka tara da gumi ya cancanci na'urar da za ta daɗe tana yi wa mai ita hidima.