Kaduna: Birnin da Jirgin Ƙasa da Masaƙa Suka Raina

Galibin manyan biranen ƙasar Hausa ganuwa da fada da kasuwa ne suka kafa su, amma Kaduna ba ta bi wannan tafarki ba. Idan muka waiwayi tarihinta, za mu tarar layin dogo ne ya haife ta, mulkin mallaka ya raɗa mata suna, masana'antu kuma suka raine ta. Turawa sun zaɓi wannan wuri na ƙasar Gwari ne saboda kogin da ya ratsa shi da kuma hanyar jirgin ƙasa da ta isa Kano a 1911. A shekarar 1917 aka ƙaurar da hedikwatar Arewa daga Zungeru zuwa can. Tun daga nan kowa baƙo ne a Kaduna, shi ya sa ma titunan tsakiyarta ke ɗauke da sunayen garuruwa irin su Katsina da Legas da Ibadan.

Ƙashin bayan birnin ya tsaya ne a Kakuri, kudu da kogi. A 1957 gwamnatin Sardauna, tare da wani kamfanin Ingila, ta buɗe masaƙar KTL domin a riƙa saƙa audugar Funtuwa da Gusau da Zariya a gida. Masaƙun UNTL da Arewa suka biyo baya kafin 1970, kamfanin harhaɗa motar Peugeot ya fara aiki a 1975, matatar mai kuma a 1980. A wancan zamani jiniyar masaƙa ce agogon gari. Da ta kaɗa, sai ka ga Bahaushe da Bajju da Tibi da Bayarabe sun ɗunguma bisa kekuna, injin ɗaya suke tsaya wa, ƙungiyar ƙwadago ɗaya ke ƙwato musu haƙƙi, gidan haya ɗaya suke kwana. Wannan cuɗanya ita ce ainihin ɗabi'ar Kaduna.

Sai dai masu iya magana sun ce ramin da aka haƙa da hannu, da hannu ake cike shi. Tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 ya karya darajar naira, kayan gyara suka yi tsada, wutar lantarki ta yi ƙaranci, atamfar fasa-ƙwauri ta cika kasuwa. KTL ta rufe a 2002, UNTL ta dakatar da aiki a 2007. A daidai wannan tsakani ne rikicin 2000 da na 2002 suka raba gari biyu: Musulmi suka fi karkata arewacin kogi, Kirista kudancinsa. Kogin da ya tara jama'a ya zama iyaka.

Ba mu kaɗai muka ɗanɗana wannan ba. Birnin Detroit na yankin manyan tafkunan Amurka da ƙera motoci ya bunƙasa, har jama'arsa suka haura miliyan 1.8 a 1950. Da masana'antu suka ƙaura, ga kuma tarzomar launin fata ta 1967, sai fararen fata suka yi ta komawa bayan gari. A 2013 hukumar birnin ta bayyana cewa ta kasa biyan basussukanta, a ƙidayar 2020 kuwa mazaunansa ba su kai 650,000 ba. Bambancinmu da su shi ne, Kaduna ba ta ragu ba, ƙaruwa ma take yi, alhali aikin da ya tara mutanen ya tafi.

Yau wanda ya shiga kasuwar Gudu a Abuja zai ga tulin kayan gyaran mota na gwanjo da aka ɗebo daga ƙetare, a ƙasar da ta taɓa harhaɗa 504 da hannun 'ya'yanta. Darasin da tarihin Kaduna ke koya mana shi ne, masaƙa ba tufa kaɗai take saƙawa ba, har da zumuncin mutanen da ba su haɗa harshe ko addini ba. Duk mai son ɗinke ɓarakar birnin, to ya fara da tayar da jiniyar Kakuri.