John Hunwick

John Owen Hunwick (1936 – 1 ga Afrilu, 2015) masanin tarihi ne ɗan Ingila da ya yi fice wajen tattara bayanan littattafan Larabci na rubutun hannu a Afirka ta Yamma. Ya koyar a Jami'ar Ibadan, inda ya kafa cibiyar adana kwafin irin waɗannan rubuce-rubuce. A 1981 ya koma Jami'ar Northwestern a Amurka.

A 1995 ya wallafa juzu'i na 2 na kundin Arabic Literature of Africa, wanda ya ƙunshi malaman Daular Sakkwato, ciki har da Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, Abdullahin Gwandu, Muhammadu Bello da Nana Asma'u. Ƙarƙashin sunan kowane malami akwai tarihinsa, da sunayen littattafansa, da ɗakunan karatun da ke ajiye da kwafinsu.