Wuta Uku a Gida Ɗaya: Lantarki a Gabashin Sakkwato

Tun zamanin da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya mayar da Wurno ribaɗi, inda ya rasu a 1837, fitilar mai ce hasken dare a wannan yanki, daga baya ta kananzir ta gaje ta. Lantarki baƙo ne na jiya-jiya. An kammala madatsar Kainji a 1968, aka kafa NEPA a 1972, wuta ta biyo ta Birnin Kebbi zuwa Sakkwato, sannan a hankali turaku suka miƙa Rabah da Wurno da Goronyo. Ita kuwa madatsar Goronyo da aka gama a 1984, don noman rani da ruwan sha aka gina ta, ba don lantarki ba.

A wancan lokaci aikin mai wayarin ba shi da sarƙaƙiya: waya ɗaya, mita ɗaya. Da wuta ta fara ƙaranci sai janareta ya shigo shaguna, daga baya sola da batir suka hau rufin gidaje. Ko bayan da aka damƙa rarraba wutar jihar ga kamfanin Kaduna Electric, abin bai sauya ba. Yau gida ɗaya na iya shan wuta daga wuri uku.

Nan ne wata tsohuwar ƙa'ida ke da amfani, wadda Bajamushe Hermann von Helmholtz ya bayyana a 1853. Idan wuta na shigowa da'ira daga wurare da yawa, a lissafa abin da kowanne zai bayar shi kaɗai, sannan a tara, kamar yadda ruwan Bunsuru da na Gagare ke haɗuwa su cika Rima.

Sai dai ƙa'idar na da iyaka, kuma a bakin iyakar ne kaya ke ƙonewa. Tana aiki ne inda gudun wuta ke ƙaruwa daidai gwargwadon ƙarfinta. Zafi bai bin wannan lissafi. A jera batir biyu masu bolt 12 a kan waya guda, gudun wutar zai ninka biyu, amma zafin zai ninka huɗu. Robar wayar ta yi laushi, ta fara wari. Inbata da cajar waya da ƙwan LED ma ba sa bin ta, domin cikinsu akwai diyod, mai barin wuta ta wuce ta gefe ɗaya kawai. Haka kuma ba a haɗa janareta kai tsaye da layin kamfanin wuta. Dole a sa makunnin da ke raba su.

Yaran da ke koyon sana'ar wayarin a bakin kasuwa suna da hannu da basira, lissafin ne ba a ba su ba. Ya kamata makarantun fasaha na jihar su buɗe musu darussan yamma.